Ba Kullum Ne Gas Ke Ƙarewa Ba: Yadda Muka Gano Ciwon Esin Tsohuwar Motar Gidanmu

Duk wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu ya san abin da ake ce wa tanderu. Kujera tana ƙuna, sitiyari ba ya taɓuwa, ƙarfen bel kuwa in ya taɓa fata sai mutum ya zabura. A irin wannan lokaci ne, cikin hutun da ya wuce, na'urar sanyaya motar gidanmu, wadda kowa ke ce wa esi, ta fara yi mana rowa.

Motar tsohuwa ce, ƙirar 1999, har ta girmi mai wannan rubutu. Ita ke kai ƙannenmu makaranta, ita ke zuwa cefane, kuma ita ke kai Hajiya kakarmu asibiti duk bayan mako biyu saboda hawan jini. Wannan na ƙarshe shi ya sa maganar ta wuce ta neman jin daɗi. Wata rana cunkoson motoci ya riƙe su da azahar, Hajiya ta dawo a galabaice, sai da aka yi ta yi mata fifita kafin ta iya shan ruwa.

Kafin wannan rana, sau biyu cikin wata uku Baba yana kai motar a zuba mata gas. Kowane zubi sai ta yi sanyi na kamar mako biyu, sannan ta koma gidan jiya. A karo na uku wani mai gyara ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce kwamfireso ne ya mutu, ya faɗi kuɗin da ya kusa kai kuɗin makarantar ƙanwarmu na zango guda. A nan ne mu yaran gidan, wato mai wannan rubutu da ke aji biyu a jami'a da ƙannenmu biyu 'yan sakandare, muka yi ƙarfin hali.

"Baba, a ba mu kwana biyu mu duba kafin a sayi komai."

Ya dube mu ya yi dariya. "Ku da ko taya ba ku taɓa canzawa ba?" Amma ya miƙo makulli, da sharaɗi biyu: kada mu kwance abin da ba za mu iya mayarwa ba, kuma kada mu kusanci bututun gas da sifana.

Esi ba ya ƙera sanyi

Abin da ya fara buɗe mana ido yana cikin littafin Fiziks na ƙanwarmu 'yar aji biyar, a babin da ta ce ya fi kowanne gundurar ta. Idan ruwa zai zama tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi. Shi ya sa gumi ke sanyaya jiki, shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, kuma shi ya sa in an shafa maka sifirit kafin allura kake jin wurin ya yi sanyi ƙarara. Da wannan hikima ce malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Esin mota ma haka yake, sai dai shi ba ya barin tururin ya tafi. Kwashe zafi yake yi daga cikin mota ya zubar a waje, kuma ɗan dakon da ke wannan aiki shi ne abin da muke kira gas. Gas ɗin da ke cikin motoci irin tamu sunansa R-134a. A sarari yana tafasa ne a kusan digiri 26 ƙasa da sifili. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: abu ne da ko ƙanƙara za ta iya tafasa shi.

Zagayensa kamar haka yake. Kwamfireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matse gas ɗin har ya yi zafi sosai, kamar yadda famfon keke ke ɗaukar zafi in ana buga iska. Daga nan sai ya shiga kwandensa, wani faffaɗan abu mai siraran haƙarƙari da ke gaban lagireto. Iskar da ke ratsa haƙarƙarin tana kwashe zafin, sai gas ɗin ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta diraya, wadda ke tsotse laima da tace datti, sannan ya kurɗa ta wata 'yar mitsitsiyar ƙofa. Da ya fita ƙofar sai matsin ya faɗi, ya fara tafasa a cikin ebaforeta, wadda ke ɓoye a bayan dashbod. Tafasar nan ce ke zuƙe zafin iskar cikin mota, fankar ciki kuma ta huro mana iskar da aka raba da zafinta. Sai tururin ya koma kwamfireso, a sake sabon zagaye.

Abu biyu muka tsinta daga nan. Na farko, hanyar rufaffiya ce. Gas ba ya ƙonewa kamar fetur, don haka wanda ya ƙare cikin mako biyu fita ya yi ta wani wuri. Na biyu, in zafi bai sami hanyar fita a gaba ba, ko an cika motar da gas har wuya ba za ta yi sanyi ba. A bazara, lokacin da iskar waje kanta ta haura digiri 40, kwandensa na shan wahala ninki biyu, domin sai ya fi iskar waje zafi kafin ya iya sauke mata kayansa.

Awo kafin magana

Mun yanke cewa ba za mu dogara da "kamar ya yi sanyi" ba. Ƙaninmu ya ɗauko ma'aunin zazzaɓin Hajiya, ƙanwarmu ta kwashe da dariya ta ce wannan ai zafin jikin mutum kawai ya sani. Sai muka aro na maƙwabcinmu mai kiwon kaji, wanda yake ratayewa a ɗakin 'yan tsaki. Muka soka shi a ƙofar iskar da ke tsakiyar dashbod.

A inuwa, iskar waje ta nuna 41. Mota a tsaye, inji na aiki, esi a kunne minti goma: 27. Da Baba ya zaga da mu kan titin da ba cunkoso sai awon ya sauka zuwa 17. Ƙanwarmu ta rubuta duka a bayan littafinta. Wannan tazara ta digiri goma ita ce babbar alamar da muka samu a ranar. Motar da ke sanyi a guje amma ta yi ɗumi a tsaye tana gaya maka cewa iska ba ta ratsa kwandensa sai in gudu ya turo ta.

Amma mun fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Akwai wani maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. In an danna shi, esi zai riƙa juya iskar da ke cikin motar, wadda ta riga ta yi sanyi. In ba a danna ba, sabuwar iska mai zafi yake ɗebowa daga waje ba ƙaƙƙautawa. Ashe Baba ya daɗe da barinsa a kan iskar waje, wai ta ciki tana sa shi gyangyaɗi. Yana da gaskiyarsa, domin a doguwar tafiya ya kamata a riƙa shigo da sabuwar iska jefi-jefi. Amma a cikin gari da tsakar rana, danna maɓallin nan kaɗai ya rage mana digiri uku.

Sai filta. A motarmu tana bayan akwatin takardun da ke gaban fasinja. Da muka zaro ta sai da muka yi atishawa: ƙurar hunturu ta shekaru, busassun ganyen darbejiya, har da bawon gyaɗa da har yau ba wanda ya amsa laifinsa. Mun taɓa lura cewa ko an kai fanka lamba huɗu iskar ba ta da ƙarfi, mun ɗauka tsufa ne. Sabuwar filta ba ta kai kuɗin katin waya na mako ba. Wasu tsofaffin motoci ba su zo da filta ba sam, a irinsu ƙurar kan ebaforeta take tafiya kai tsaye, wannan kuma aikin mai gyara ne.

Abin da muka gani da muka buɗe bonet

Mun bari injin ya huce sarai tukuna. Wannan ba wasa ba ne: fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko mota a kashe take, bel kuma ba ya tambayar ko hannun waye. Duk mai hijabi ko doguwar riga ya tattare kayansa kafin ya sunkuya.

Kwandensa ya zama kamar katangar laka. Ƙura ta toshe haƙarƙarinsa, ga matattun ƙwari, ga gashin kaji, ga wata baƙar leda da ta manne ta rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fuskarsa. A nan muka yi kuskurenmu na farko. Ƙaninmu, don zumuɗi, ya sa sukundireba yana ƙwaƙule dattin, ya lanƙwasa haƙarƙari wajen ashirin kafin mu ankara. Siraran alminiyom ne, ko farce yana kwantar da su. Sai da muka shafe kusan awa guda muna miƙar da su ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Daga baya muka wanke shi da ruwan tiyo a hankali. Ruwan da ya gangaro ƙasa kamar kunun kanwa.

Da muka tayar da mota muka kunna esi, muka ja da baya muna kallo. Fanka biyu ce a gaban injin. Ɗaya tana juyawa, ɗaya ko motsi. Wadda ta tsaya ita ce ya kamata ta tashi da zarar an kunna esi. Muka kashe mota muka buɗe akwatin fiyus, muna da tabbacin a nan matsalar take. Fiyus lafiya lau, zarensa bai tsinke ba. Jikinmu ya yi sanyi fiye da motar.

A jikin murfin akwatin akwai zanen da ke nuna aikin kowane abu. Ƙanwarmu ce ta lura cewa ɗan baƙin akwatin da ke ba fankar wuta, wanda masu gyara ke ce wa rile, lambarsa ɗaya da na hon. Rile maɓalli ne da lantarki ke dannawa da kansa, kuma in ya tsufa bakinsa na ƙonewa. Muka musanya su. Muka sake tayarwa. Fanka ta ɗauka da ƙara, ƙaninmu ya yi tsalle har ya buge kai da bonet.

Saura kwamfireson da aka ce ya mutu. A gabansa akwai fule da bel ke juyawa kullum, da wani faranti a tsakiya wanda ba ya juyawa sai an kunna esi. In an kunna za ka ji ƙas, maganaɗisun lantarki ya fizgo farantin ya manne, ya fara juyawa tare da fule. Namu ya yi ƙas, ya juya, bayan 'yan daƙiƙu ya saki, ya sake kamawa, ya sake saki. Matacce ba ya haka. Akwai wani ɗan mai gadi a jikin bututu da ke yanke wa kwamfireso wuta in matsin gas ya yi ƙasa da yawa, don kada ya yi aiki a bushe. Kama-sakin nan alama ce ta ƙarancin gas. Mun ƙara tabbatarwa da hannu: kaurin bututun da ke komawa kwamfireso ya kamata ya yi sanyi har ya riƙa raɓa, namu kuwa sanyi-sanyi kawai. Siririn ba a riƙe shi, yana iya ƙona mutum.

To ta ina gas ɗin ke fita? Gas ba ya ganuwa, amma yana yawo tare da man da ke shafe kwamfireso, kuma duk inda ya fita yakan bar maiƙo, ƙura ta bi ta manne. Muka bi bututun da tocila, gaɓa bayan gaɓa. A wata mahaɗa kusa da kwamfireso muka ga baƙin danƙo, alhali sauran wuraren a bushe suke. Muka kashe mota, muka goge wurin, muka ɗiga ruwan sabulu. Can sai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a hankali. Ƙanwarmu ta ɗauki hoto da wayar Baba.

A nan namu ya ƙare. Sharaɗin Baba ya hana, hankali ma ya hana. Ruwan gas in ya fesu a fata daskarar da ita yake yi nan take, in a ido ne kuwa yana iya makantar da mutum.

A gaban mai geji

Washegari muka raka Baba wurin wani dattijon mai gyaran esi da aka ce ba ya zuba gas sai ya auna. Muka gaisa, muka nuna masa hoton da awon da muka rubuta. Ya daɗe yana kallon littafin.

"Wa ya koya muku wannan, samari?"

"Malam, littafin makaranta ne da karambani."

Ya ɗaura gejinsa mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na ɓangaren babban matsi. Ya ce wa Baba: "Alhaji, kwamfiresonka da ransa. Amma da an ci gaba da zubi ana barin yoyon nan, da gaske zai mutu, don mai yana fita tare da gas." Ya ƙara da cewa tsayawar fankar ma tana da hannu, domin in kwandensa bai huce ba matsi hauhawa yake yi, tsohuwar roba kuwa ba ta jure haka.

Abin da ya jawo duk wannan wahala zoben roba ne da bai kai zoben yatsa girma ba. Ya bushe, ya tsage. Malam ya kwashe ragowar gas, ya canza zoben, ya canza diraya domin ta daɗe tana shan laima. Sannan ya yi abin da Baba ya ce bai ga an yi ba a zubin baya: ya haɗa injin zuƙe iska ya bar shi yana aiki rabin awa. Iska da laima abokan gaban esi ne. Iska tana ƙara matsi ba ta sanyaya komai, laima kuma tana iya daskarewa ta toshe 'yar ƙofar nan. Bayan ya kashe injin ya ce mu zuba wa allurar ido. Da ta motsa, da akwai sauran yoyo. Ba ta motsa ba.

Sai ya nuna mana wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet, wadda muka wuni muna kallo ba mu karanta ba. A jiki an rubuta irin gas ɗin motar da nauyinsa a giram. Ya ɗora tulun gas a kan sikeli, ya ƙara ɗan mai, ya zuba daidai abin da takardar ta ce. Muka tambaye shi ko ba za a ɗan ƙara ba don ta fi sanyi. Ya ce: "Wannan tunanin shi ke kashe motocin mutane. In ya yi yawa, sanyin raguwa yake, kwamfireso kuma ya yi ta nishi."

Dalilin da ya sa karanta takardar ke da muhimmanci a tsohuwar mota shi ne gas ɗin ba iri ɗaya ba ne. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da yawansu da R-12 suka zo. Masana sun gano irin wannan gas yana cinye ozon, wato garkuwar da ke can sama tana tare mana mugun hasken rana, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina amfani da shi. R-134a ya maye gurbinsa. Shi ba ya taɓa ozon, amma yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau 1,430, abin da ya sa sababbin motoci da yawa suka koma wani mai suna R-1234yf. Ba a cakuɗa su, kuma man R-12 daban yake da na R-134a. Wato duk gas ɗin da Baba ya saya ya tsiyaye, aljihu ya yi asara, sararin sama ma ya kwasa. Malam ya kuma ja kunnen Baba kan gas mai arahar da ba a san asalinsa ba, domin akwai masu ɗura wanda ke kama wuta irin na girki.

Kafin mu tafi muka roƙe shi ya ƙara mana wasu alamomin. Ya ce in iska na fitowa da ƙarfi amma da ɗumi, a duba gas, kwamfireso, ko ƙyauren da ke raba iskar hita da ta esi. In ta fara da sanyi, bayan rabin awa iskar ta shaƙe, sannan ta dawo in an kashe an ɗan jira, to ebaforeta ce ke yin ƙanƙara. Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota in esi na aiki lafiya ce, laimar iska ce ke fita. Wanda ke jiƙa ƙafar fasinja shi ne matsala, magudanarsa ta toshe. Ya ce ko da hunturu a riƙa kunna esi kamar minti goma a mako, don mai ya zaga ya jiƙa robobi. In mota ta wuni a rana, a sauke gilasai zafin ya fice kafin a rufe.

Gargaɗinsa biyu kuwa da fuska a murtuke ya yi su. Kada a taɓa barin yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyar, don zafin cikinta hawa yake yi da sauri fiye da yadda ake zato. Kuma kada wani ya kwanta shan esi a garejin da ke rufe inji na aiki, domin hayaƙin salansa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kashewa cikin barci.

A hanyar gida muka sake soka ma'aunin mai kaji. A tsaye 12, a guje 8. Duk abin da aka kashe bai kai rabin kuɗin kwamfireson ba. Ranar asibiti ta zagayo, muka cika motar har da waɗanda ba a gayyata ba. Ba a yi nisa ba Hajiya ta ja mayafi ta rufe gwiwoyinta.

"Kai 'yan nan, ku rage mini wannan hunturun, so kuke ku ƙara mini wani ciwon?"

Muna cikin dariya wani mai adaidaita ya yanko gaban Baba a mahaɗar titi. Baba ya taka burki, ya danna hon. Shiru. Ya sake dannawa. Sannan ya ɗago ya dube mu ta madubi, mu kuma muka dubi juna, domin sai a lokacin muka tuna inda muka bar mataccen rilen.